Na Gama Gyaran Mota, Mma Ta Riga Ta Tafi

Hajiya Adizatu, don girman Allah ki taimake ni da shawara, abin da ke cikin ƙirjina ya fi ƙarfina. Wata biyu ke nan da rasuwar mahaifiyata, Mma, kuma ko kallon motar da ke tsakar gidana ba na iya yi.

Mma tana da ƙanwa ɗaya tilo, Inna Lariba, da ke aure a wani ƙauye can bayan Yagaba, inda ruwa kan yanke hanya duk damina. Shekara goma sha ɗaya ba su ga juna ba. Inna idonta ya mutu, ba ta tafiya. Mma kuma ƙugu ya hana ta zaman trotro, motar hayar nan, balle a goya ta a babur. Sai waya kawai, ita ma in sabis ya ga dama.

Shi ya sa na sayi wata tsohuwar Landkuruza mai fowil, wadda ta girmi ɗana na fari. Na ce Mma, a wannan zan kai ki, kina kwance kamar a ɗakinki. Ta yi ta sa mini albarka har da hawaye.

Hajiya, daga nan na shiga uku ban sani ba. Na canja kulochi da lagireto, na ce saura sifirin, kada gargada ta taɓa mata ƙugu. Sau biyu ina zuwa Magazin, kasuwar kayan mota a Kumasi, neman shokazoba na asali. Na cire kujerun baya, na auna tsawon Mma da igiya tana ta dariya, kafinta ya buga gado, na sa katifa. Sai na ce a ɗora kariyar ɗaukar kaya a sama, sai ƙarin tanki, sai fanka. Fitana mai gyara mini mota, Masta Ziblim, tun ranin farko ya gaya mini motar nan za ta kai Yagaba ta dawo ko tari ba za ta yi ba. Na ce masa shi inji ya sani, ni uwa zan ɗauka. Kafin in ankara ruwa ya sauko, na ce sai rani. Haka aka yi sau uku.

Ba zan ɓoye miki ba, ina jin daɗin gyaran. Ranar Asabar in shige ƙarƙashinta da sifana, hannu duk baƙin mai, nakan manta duniya. Mma takan zauna a kujera tana kallona, ta ce injiniya, yaushe? In ce saura kaɗan.

Bara yayata Bashiratu ta ce za ta ɗauko hayar mota a kai Mma a wuce wurin. Na tayar da rigima, na ce so take ta kunyata ni a unguwa. Mma ta raba mu, ta ce ita motar ɗanta za ta jira.

Kwana huɗu ta yi a asibiti Allah Ya karɓi abinSa. Da za a kawo ta gida, ni na je da motar. Wallahi bugu ɗaya ta tashi. Gadon ya yi mata daidai, kamar yadda na auna. Shigarta ta farko ke nan da motar tana tafiya, kuma ko gargada ɗaya ba ta ji ba.

Bayan sadakar arba'in na ɗaga katifar zan shanya, sai na ga jaka a ƙasa: turmin atamfa, carbi, sabulu, da man kaɗe a ƙulle cikin leda. Matata Farhana ta fashe da kuka, ta ce tsarabar Inna Lariba ce. Tun shekarar farko Mma ta sa aka ajiye ta a nan, duk sanda man ya tsufa sai ta aika a sayo sabo ta ƙulla da hannunta. Ta hana a gaya mini, wai kada in ga kamar tana matsa mini.

Bashiratu kuwa magana ɗaya ta yi mini ranar jana'iza, ta tambaye ni ko yanzu na gama gyaran. Tun ranar ba ta ɗaga wayata. Inna Lariba ta kira sau uku, ni ma na kasa ɗagawa, me zan ce mata? Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo, zuciyata na cewa in ba su ita su yanka in huta da ganinta. Hajiya, in ba su? Kuma Allah zai yafe mini kuwa?

Mai tsohuwar mota,
Kalpohin, Tamale

Ɗana,

Allah Ya jiƙan Mma, Ya sa ta huta, Ya ba ku haƙurin rashi.

Ka fara ajiye nauyin da ba naka ba. Kwananta ne ya ƙare, ba jinkirinka ya ɗauke ta ba. Wanda ya auna uwarsa da igiya don kada ƙugunta ya yi ciwo, ba a ce masa marar jin ƙai. Ita ma ta sani, shi ya sa ta zaɓi jiranka.

Amma ba zan shafa maka mai a baki ba, ka yi kuskure. Mma ƙanwarta take son gani, kai kuma mota marar aibi kake son gani, tsohuwar mota kuwa ba a gama gyaranta har abada. Bashiratu ta kawo hanya ka toshe don gudun kunya. Maganarta ta yi zafi, kuma ba ranar faɗinta ba ce, sai dai ita ma marainiya ce kamarka, ga nata da-na-sanin na cin ta, don ta biye maka. Ka nemi gafarar Allah, ƙofarSa a buɗe take, sannan ka gyara abin da ya rage.

Kada ka ba masu ƙarfe motar nan. Yanka ta ba zai cire maka komai daga zuciya ba. Yau ɗin nan ka kira Inna Lariba. Ba sai ka shirya magana ba, ka gaishe ta, in kuka ya zo ku yi tare. Ƙanwar uwa, uwa ce. Sannan ka ɗauki jakar ka tafi gidan Bashiratu da ƙafarka, ka ajiye a gabanta, ka ce ka yi laifi, ba tare da kawo dalili ko ɗaya ba. Ka roƙe ta ta raka ka. In ta ƙi, ka tafi da Farhana, yayarka za ta huce a lokacinta.

Masta Ziblim ya duba mai, ruwa, birki da taya, iyakar ke nan. Na hana ka ɗaure ko ƙusa ɗaya sabuwa. Ka sa rana cikin makon nan, tun ruwa bai sake yanke hanya ba. Katifar ma ka bar ta inda take, wataƙila Inna ta so a kawo ta Tamale ta yi wa yayarta addu'a a kusa, likitan ido ma ya duba ta.

Man kaɗen nan kada ka canja shi, ko ya fara tsufa. Inna ba ta gani, amma in ta shafa ƙullin za ta gane hannun da ya ƙulla.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya haɗa kanku. Tashi motar, ɗana, Mma ta gama shirinta tun shekara uku.

Hajiya Adizatu