Baba ya fitar da zakka daga algararar da ba a biya wa duwan ba

Salamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

A unguwar New Bell ta Douala muke, babana yana da wajen ɗinkin buhu, mu ke ɗinka wa wani kamfani da ke fitar da kakawo, wato koko, waje. Saboda buhunan barin ƙasa suke yi, an yarda mana mu shigo da algarara ba tare da biyan duwan ba, wato kuɗin kwastan, da sharaɗin ko taku ɗaya kada ta tsaya a cikin gari. Baba ba ya jin Faransanci, ni ce bakinsa a ofisoshi tun da na gama makaranta.

Da rikici ya ɓarke a yankin da kakawo ke fitowa, kamfanin ya daina karɓa. Kekunan ɗinki suka yi shiru, bandir-bandir na algarara suna jibge a mangaza, ɗakin ajiyarmu, ina shiga ina jin ƙamshinsu kamar na ƙasa bayan ruwan farko. Shekara ta zagayo a kansu. Baba ya ce dukiya ce ta kai nisabi, kuɗi kuma babu a hannu, sai ya fitar da zakka daga cikin kayan, ya raba wa 'yan gudun hijira da suka cika unguwarmu. Ban sani ba sai da na ga algararar an yi labule da ita, an shimfiɗa wa yara.

Yanzu 'yan duwan za su zo duba mangaza. Mai fito mana da kaya a tashar jirgi ya ce in ce damina ce ta ruɓar da su, wai a Douala kowa zai yarda. In na faɗi gaskiya za su ƙwace izinin, maɗinkanmu su koma gida gaba ɗaya. Na roƙi Baba mu karɓo ko rabi, ya dube ni a hankali ya ce, "Uwata, in je in yaye wa yaro shimfiɗa? Kuma kada ki yi ƙarya a kan abin da na ba Allah."

Shi zai zauna a gefena yana kallon bakina, ba zai gane ko kalma ɗaya ba. Me zan ce musu?