Cingam a Cikin Kwamfutar Yaya

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali.

Na rubuto ne saboda ka daina ɗaukar wayata. Yau sati uku ke nan da ka karɓi kwamfutata, ka ce nauyin da take yi ba komai ba ne, ram za ka ƙara mata don ta yi sauri, ka sa mata faifan ajiya mai girma, kwana biyu an gama. Ni ban roƙe ka ba. Kai ka zare ta daga hannuna, wai ba za a ce kana gida a kai wa bare aiki ba.

Makin ɗalibaina sittin da biyu yana ciki, kuma ranar Litinin ta sama ofis ke son sa. Ka kuma san muryar Baba na ciki, hirarraki goma sha ɗaya da na ɗauka a asibiti kafin rasuwarsa. Ba ni da su a ko'ina.

Ka ba direban da ya kawo wannan takarda amsa.

Yayarka

*

Yaya ta kaina,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, yara na gaida Gwaggonsu.

Kwamfutarki fa ta tsufa, sai haƙuri. Na sayo mata ram ɗan yayi, wanda ya fi kowanne gudu a kasuwa, ta ƙi. Faifan ma sabo fil, ya zauna a raminsa daidai, amma ta yi kamar ba ta gan shi ba. An ba tsohuwa ƙashi ne, ba haƙora.

Da na gaji na kai wa wata mai gyara a benen masu waya, shago na uku daga matakala. Nan aka yi kuskure. Tun da ta sa hannu, ko fitila ba ta sake kawowa ba. Dama ina ganin mace ce gabana ya faɗi. Ki bar ni da ita, zan yi maganinta.

Ki huta lafiya.

Autanku

*

Zuwa ga Malama,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, na karanta zargin da ke ciki. Ban ji haushinki ba, abin da aka faɗa miki kika rubuta.

Ga yadda kwamfutar ta zo hannuna. Tun kafin in kwance ta na ji ƙauri. Shi ram yana da haƙora a jere, da 'yar wushirya a tsakaninsu. Kowane zamani da inda wushiryarsa take, don kada a sa shi inda ba nasa ba. Wanda ƙanenki ya sayo na sabon zamani ne, ramin kwamfutarki na tsoho. Da ya ƙi shiga, sai ya sa reza ya yanka masa sabuwar wushirya, ya danna shi da ƙarfi, ya kunna. Nan take allon ciki ya ƙone.

Shi kuwa faifan, bakinsa ya yi daidai da ramin, amma ba yarensu ɗaya da kwamfutar ba. Da ya duba lambar da ke bayanta kafin ya saya, minti biyar ya ishe shi.

Sannan ya ɓatar da ɗan notin da ke riƙe faifan. Malama, cingam ya tauna ya liƙe shi da shi. Zafi ya narkar da rabinsa, ya malale har kan fanka, kiyashi sun shiga sun mutu a ciki. Shekarata goma sha huɗu a wannan tebur, na ciro kyankyaso daga cikin kwamfuta ban ji komai ba, amma ranar sau uku ina wanke hannu, abincin rana ma ban iya ci ba. Da na nuna masa, cewa ya yi in kira maigidan shagon. Na ce masa ni ce.

Abin da ya fi muhimmanci: tsohon faifanki ba ya ciki. Ki tambaye shi inda yake.

Wassalam.

Mai gyara, shago na uku

*

Auta,

Sallama dai don Allah na yi maka ita.

Na je shagon da kaina. Na ga cingam ɗin, har da shatin haƙorinka a jiki. Tir! Ƙona kwamfuta kuskure ne, kowa na yi. Amma ka sa na zauna na rubuta wa baiwar Allah wulaƙanci, alhali ita ce ta kankare ƙazantarka da hannunta. Da girmana na tsaya a gaban kwastomominta ina ba ta haƙuri.

Ina tsohon faifan? Kada ka yi mini labari. Layi ɗaya ya isa.

Yayarka

*

Yaya,

Barka da yini. Ga shi nan a cikin ambulan.

Na jona shi a kwamfutata ne don in kwafe miki kayanki. Sai wani rubutu ya fito yana tambaya, na danna ba tare da na karanta ba. Da na buɗe, babu komai. Daga baya na zuba wasan ƙwallo a kai, tunda na ga wuri ya samu. Shi ya sa na kasa ɗaukar wayarki.

Ni ma Babana ne, Yaya. Ki yafe mini.

Auta

*

Zuwa ga Malama,

Bayan gaisuwa. Kwana biyu na yi a kan tsohon faifan da kika aiko mini. Makin ɗalibai ya dawo duka. Hirarrakin Baba huɗu na samo, sauran bakwai wasan ƙwallo ya hau kansu, babu mai iya dawo da su.

Na saurari kaɗan don in tabbatar suna aiki, ki gafarce ni. A ta ƙarshen yana tari, yana ce miki ki kashe abin nan ki zo ki zauna kusa da shi.

Ki zo da kanki ki karɓa. Don Allah kada ki aiko ƙanenki.

Wassalam.

Mai gyara