Bangon da Ka Rushe Domin Tsibirinka

Zuwa ga ƙanena Sanusi, a Faransa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya sanyin ƙasar? Na rubuto maka a nan inda kowa zai karanta, domin na lura kana son komai a buɗe.

Tsibirinka ya kammala. A makaranta an koya mana cewa tsibiri a tsakiyar ruwa yake. Sai da ka yi arziki na ga wanda ke tsakiyar madafar Inna a Zongo, inda ruwan famfo ma sai ya ga dama yake zuwa. Teburin girki ne irin na Turawa, na baƙar marmara, fitilu uku suna reto a kai, ga kujeru masu ƙafar zalɓe waɗanda tsohuwa mai ciwon gwiwa ba za ta hau ba sai da tsani.

Wata da watanni kana turo mana zane ta waya. Ka tambayi magini faɗin ɗakin, ka tambayi mai famfo inda bututu zai bi, har ni ka tambaya launin da ya fi kyau. Inna kaɗai ba ka tambaya ba, wai kana so ka ba ta mamaki. Ta kuwa sha mamaki.

Cewa ba a tuƙa tuwon gidanmu a tsaye, wannan da sauƙi, an mai da murhu tsakar gida. Maganar bango ce. Ka ce tsibiri ba ya kyau sai an rushe bangon da ya raba madafa da falo, don mai girki ta riƙa hira da baƙi. Sanusi, yaushe ka taɓa jin Inna tana marmarin hira da dillalan shanu tana yanka albasa?

Ka manta aikin bangon nan. Akwai wata baiwar Allah maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu; ba zan faɗi sunanta ba, tonon farko ya isa. Shekara da shekaru tana shigowa ta ƙofar baya da kwano a ƙarƙashin mayafi, Inna ta cika mata, su taɓa hirar tsadar gawayi, ta fita. Ba wanda ya gani, don haka ba abin da ya faru.

Ranar walimar da ka matsa a yi, falo cike da maza, kai kana kallo ta waya kana washe baki. Maƙwabciyar nan ta shigo kamar kullum, ta zaro kwanonta, ta ɗaga kai: ga liman, ga mahauta, ga surukinta, ga fitilunka uku a kanta. Sai ta ce gishiri ta zo ara. Da gishirin ta tafi. Tun ranar ba ta sake tako gidan ba, abin da Inna ta aika mata kuma ya dawo da godiya, ko buɗe shi ba a yi ba.

Kana yaro shekarar da cuta ta kashe shanun Baba, amma ba ka yi ƙanƙantar da za ka manta ba. Kwanon nan ta wannan ƙofar yake shigowa daga gidanta a lokacin, a cike, ya koma wayam. Kai ke suɗe shi, ni ina riƙe maka. Inna takan ce, "Abinci kowa na iya bayarwa, rufin asirin ne aiki."

Yanzu Inna tana garin Djougou wurin ƙanwarta. Ta ce ziyara ce, amma ta tafi da muciyarta. Duk sanda ka kira, cewa take an gode, Allah ya yi albarka, domin har yanzu tana rufa wa mutane asiri, har da kai. Ni ban gado wannan halin ba.

Na san don ƙauna ka yi. Na san kana can kana cin abinci kai kaɗai a tsaye, kana so a ce uwarka ma ta ji daɗi.

Na kira magini, ran Asabar zai tayar da bango. Tsibirinka ba zan taɓa shi ba, ya zauna a ciki a riƙa kife kwanuka a kai. Kai kuma ka kira Inna ka tambaye ta inda take son ƙofa. Ka makara, amma ka tambaya. Ita waccan baiwar Allah kuwa, ban sani ba ko bango zai dawo da ita.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya ba ka lafiya, ya ƙara maka arziki tare da ɗan hankalin riƙe shi.

Yayanka da bai huce ba tukuna,
Habibu, Zongo, Parakou.