Manhajata Ta Yi Aiki, Yayata Ta Daina Ɗaukar Wayata

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, domin duk wanda na kai wa kukana dariya yake fara yi, ni kuma ban ga abin dariya ba.

Aikina fotokwafi da buga takardu a wani shago. Ban yi jami'a ba, na faɗa tun yanzu don kada ki tambaya. Rubuta manhajar kwamfuta da kaina na koya, daga littattafan da ɗalibai ke kawowa a yi musu kwafi, su kai gida su ajiye, ni in karanta. Wata takwas ke nan ina rubuta wani guntun manhaja mai aiki guda: ya karɓi sauti daga makirufo, ya kai sauti ga sifika, a kan duk kwamfutocin kan tebur iri ukun da mutane ke amfani da su. Kowace iri da yadda take so a roƙe ta. Burina mai rubuta manhaja ya ɗauki nawa ya saka a tasa, ya huta da koyon halin kowacce.

Sauti kuwa ba ya jira. Ƙanana-ƙanana ake miƙa shi, sau ɗaruruwa a daƙiƙa, in ka makara da ƙiftawar ido sai ka ji ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen ganye. Kafin ka gano wannan sai ka sami muryar gwaji da za ka yi ta maimaitawa.

Iri biyu ina da su, ta shago da wata tsohuwa da na harhaɗa. Ta ukun, mai tsadar, tana ɗakin karatun mijin yayata, wanda ko ruwa za ka miƙa masa sai ka ce Injiniya. Amfanin da yake yi da ita kallon ƙwallo ne. Wata rana muna cin abinci ya tambaye ni wai har yanzu ina wannan wasan yaran, ya ƙara da cewa ilimin da babu takarda kamar mota ce ba lamba. Na haɗiye. Da na koma shago ina neman muryar gwaji, sai na kunna makirufo na amayar da abin da ke cikina na daƙiƙa arba'in. Na ce kansa kamar tulun da aka manta a rana. Na ce digirinsa ma ni na yi masa kwafi, ban ga ya ƙara haske ba. Na taɓa tsohuwarsa, wato mahaifiyarsa, kaɗan. A ƙarshe na ce yayata ba miji ta aura ba, satifiket ta aura.

Malama, a fuskar aiki babu muryar gwaji kamarta. Akwai tsawa, akwai raɗa, akwai ƙ da ts masu tona asirin kowace makara. Wata biyar ina jin ta kullum har kalmomin suka daina zama kalmomi, ƙas-ƙas kawai nake nema a ciki. Wallahi na manta zagi ne.

Yaya ce ta roƙar mini shi ya ba ni kwamfutar na awa biyu, ranar Asabar da rana. Na shiga ɗakin, na soka filashina, na sa iyafis a kunne, na kunna muryar gwajin. Shiru. Na ƙara murya, shiru. Na ƙure ta. Ashe manhajata ta tambayi kwamfutar ina ake fitar da sauti a gidan nan, kamar yadda na koya mata, kwamfutar ta nuna mata manyan sifikun falo da Injiniya ya haɗa don ƙwallo. A falon akwai shi, da Yaya, da tsohuwarsa da ta zo duba jikoki.

Sai da na cire iyafis na jiyo kaina ta bango. Gwajin kuma maimaita kansa yake yi, ɓangaren tsayarwa kuwa ban riga na rubuta wa wannan irin ba, shi na zo yi. Na fizge waya daga soket, ashe mutumin yana da batirin ajiye wuta. Sau uku muryar ta zagayo kafin na kashe. Kuma tunda gaskiya nake faɗa: sau ukun nan ko ƙas ɗaya babu. Tas. Wata takwas ina jiran wannan.

Injiniya bai yi faɗa ba, cewa ya yi sauti ya fita da kyau, Allah ya ƙara basira. Da ma mari ya yi mini. Yaya ta raka ni bakin ƙofa, ta miƙo mini filashina da na bari a jikin kwamfutar, ta rufe. Sati uku ke nan ba ta ɗaukar wayata. Ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyarmu, ita ta koya mini haɗa baƙi a bayan kwalin sabulu. Ba wai na damu ba ne, kawai ban saba ba.

Na rubuta mata saƙon ban haƙuri shafi huɗu. Shafi uku bayani ne kan yadda kwamfuta ke zaɓar sifika, don ta gane ba da gangan ba ne. In tura? Kuma tsakani da Allah, wa ya fara? Sannan ɓangaren makirufo bai gwadu a kan kwamfutar ba, yaushe ya dace in sake tambaya?

Naki,
Wanda Aka Ji Shi Tas

*

Ɗana,

Barka da nasara. Ban san kan aikinka ba, amma na tambayi wanda ya sani, ya ce abin da ka yi ba ƙaramin abu ba ne. Mijin yayarka bai kyauta ba da ya kira shi wasan yara, kuma mutumin da ake raina wa wahalarsa a gaban abinci dole ransa ya ɓaci. Wannan naka ne, na ba ka.

Saura kuma ba naka ba ne. Sifika ba ta ƙirƙiri komai ba, abin da ka ba ta ta faɗa. Shi ya tsokane ka, to ita Yaya me ta yi, da tsohuwar da ba ta san ma ana yi ba? Ka kuma lura da wannan: kai ka karɓi filashinka ka tafi, ita ta juya ta koma falon nan, ta zauna tsakanin mijinta da uwar mijinta, bayan ita ta yi ta roƙo a ba ka kwamfutar. Tun ranar take biyan kuɗin bakinka da kunyarta. Shirun da take yi maka ke nan.

Kada ka tura shafi huɗun. Shafi ukun farko cewa suke yi ba ka so a ji ba, ita kuwa abin da ya dame ta shi ne ka faɗa. Ka je da ƙafarka, lokacin da maigidan yake nan. Ka fara da shi, ka ba shi haƙuri ba tare da "amma" ba. Ka nemi ya kai ka wurin mahaifiyarsa ka durƙusa. Wannan ne zai sauke wa yayarka nauyi a gidan, kuma sai an sauke shi za ta iya sauraronka.

Maganar kwamfuta kada ta fito daga bakinka, ko shi ya tayar. Masu irin aikinka suna da yawa a intanet, ka nemi mai irin wannan kwamfutar ya gwada maka makirufon. Ka goge muryar nan daga duk inda ka ajiye ta, ka ɗauki wata kana karanta jarida.

In ka zo gaban Yaya, jimla ɗaya ce ta yi mata ciwo, ka san ta. Ka ce ƙarya ka yi, kuma ka ji kunya. Daga nan ka rufe baki. Za ta yi faɗa, wataƙila ta yi kuka, wataƙila ta tono abin da ka yi tun kana shekara tara. Kada ka gyara mata ko kwanan wata. In ba ta buɗe ƙofa ba, ka koma sati mai zuwa, da wanda ke bin sa. Ka ce ba ka damu ba. Wanda bai damu ba ba ya ƙirga sati uku, ɗana.

Allah ya sanyaya zuciyarta, ya daidaita tsakaninku, ya sa wa aikinka albarka.