Dosiyen Malamina Yana Ƙasan Durowata Wata Bakwai

Assalamu alaikum masu wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku kai ƙarshe kafin ku fara zagina.

Sakatariya ce ni a wani biro, wato ofis, nan Yamai, inda malaman lakol (makarantar boko) ke ajiye dosiyensu na takardun aiki in suna son a maida su daga wata jiha zuwa wata. Wata bakwai da suka wuce wani dattijo ya shigo da takardu cikin leda, yana ta rusunawa tun daga ƙofa. Kafin ya buɗe baki na gane shi. Mushen, wato malamin, da ya koya mini lissafi ne a Maraɗi. Mutumin nan ya taɓa tsayar da ni gaban aji, ya ɗaga takardata sama ya ce, "Wannan kai ba na karatu ba ne, na ɗaukar tallan zogale ne kamar uwarki." Shekara uku ƴan aji suna kirana Mai Zogale.

Shi ne yau a gabana da koɗaɗɗiyar riga, murya ƙasa ƙasa. Bai gane ni ba. Yaushe zai tuna kan da ya ce ba kome ciki? Ya ce, "Madam, a jihar Tawa nake koyarwa. Iyalina ce ba lafiya, wankin ƙoda ake mata nan sau biyu a sati, tana wurin ƙanenta a unguwar Bobiel. A taimaka a maido ni kusa da ita." Na karɓa, na ba shi takardar shaida da sa hannuna, yana fita na cusa dosiyen ƙasan durowa.

Tun ranar, duk wata sai ya biyo mota daga Tawa. Ina barin shi kan benci har azahar, sannan in ce, "Mushe, ba a sa hannu ba tukuna." Sai ya ce, "Allah ya yi miki albarka, ɗiyata." Ɗiyata. Wallahi in ya faɗa ji nake kamar in tofar da yawu. Ina bakin nan mai kaifi ya tafi? Ashe duk jarumtarsa ta gaban yara ce?

Shekaranjiya ya zo da matar cikin taksi daga asibiti. Ta kasa fitowa, ƙafafunta sun kumbura, amma ta ɗago hannu tana gaishe ni ta taga. Ita ba ta taɓa yi mini kome ba. Na koma ciki. Abin da ya yi mini na minti biyar ne, ni kuwa wata bakwai ina yi ina jin daɗi, to wa ya fi wani ƙanƙanta?

Shugaban biro ya ga takardar shaidar a hannun Mushe, ya ce ran Litinin a nemo dosiyen, don kwamitin canjin wurin aiki zai zauna Laraba, in ya wuce sai baɗi. In na fito da shi, kwanan watan da na buga a kai zai tona ni, aikina na iya tafiya, ga ƴaƴa biyu ina riƙo. In na ce ya ɓace, sai ya sake haɗa takardu daga farko, kuma ban ga alamar matar nan za ta kai baɗi ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, har yanzu ba na jin tausayinsa ko kaɗan. Me zan yi?