Injin Yaya Bukar ya yi shiru

Zuwa ga Yayana Bukar,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya aiki, yaya ruwan saman Fatakwal? Mu nan Gashuwa lafiya lau, sai kewarku.

Yaya, wutar gwamnati ta iso unguwarmu. An kafa falwaya a ƙofar gida, ranar Laraba ma'aikata suka jona mu da layi, suka cire wayar injin wutar da ka haɗa mana kafin ka tafi. Da magariba na danna makunni, ƙwai ya kama, babu ƙara babu hayaƙi. Yara suka yi ta tsalle. Inna kuwa tana zaune a tabarma, ta ce, "Falmata, gidan ya yi tsit. Da can in aka ja igiyar injin nan, sai in ji kamar Bukar ne a zaure."

Kawu Modu ya zo daga Dagona yana so a ba shi injin, ya ɗora a famfon ban ruwan shinkafarsa. Inna ta ce masa, "Bari mai shi ya zo ya ba ka da hannunsa." Ta lulluɓe injin da zanenta.

Idonta ya fara rauni, Yaya. Ka daure ka biyo jirgin ƙasan Nguru da Sallar nan, ta gan ka tun tana gani.

Ka sa mu a addu'a. Ka gaishe da matarka Hajja da 'yarka takwarar Inna.

Ƙanwarka,
Falmata