Tambaya ta Huɗu Tana Bayan Takarda

Laraba da dare, unguwar Yakite

Yau muka rubuta kimiyyar fizik ta Bak, jarrabawar gama sakandare. Da muka fito, mu 'yan yankin Kilomita Biyar muka tsaya gindin mangwaro muna gwada amsoshi, rabi da Sango rabi da Faransanci. A tambayar lantarki kowa da amsar da ya samu, ban ma yi musu ba don na gaji. Sai Idi ya ce shi tambaya ta huɗu ce ta kashe shi.

Ramatu ta ce, "Wace ta huɗu? Ai uku ne."

Tana bayan takardar. A makarantarmu a allo malam yake rubuta tambayoyi mu kwafa, ba mu saba juya komai ba. Ni ma takardata ce ta faɗi ƙasa, da na ɗauko na gan ta.

Karo na biyu ke nan Ramatu tana zama Bak. Ba ta yi kuka ba, ta tari babur ta wuce.

Da na biyo ta shagonsu, mamanta ta tare ni. "'Yata, yaya jarrabawa? Ramatu ta ce alhamdu lillahi."

Na ce, "Alhamdu lillahi, Mama."

Gobe lissafi. Kafin in rubuta sunana ma sai na juya takarda.